Rasuwar Malama Babibu, Wadda Sauya Suna Ya Yi Ajalinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har ta rasa inda za ta zuba saura, Malam Abdulrauf, mutumin Gumel mai koyarwa a Ɗanzomo, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar rasuwar abokiyar aikinsa, Malama Babibu. Ta cika a Gumel, a kan teburin wani masanin kwamfuta, bayan jinyar da ta zagaya da ita garuruwa uku a cikin aljihun rigarsa. Ana roƙon duk wanda wannan sanarwa ta zo hannunsa ya daure ya karanta ta har ƙarshe, domin akwai cigiya a cikinta, kuma damina ba ta jiran mai makoki.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, na'urar koyar da karatu ce. Ba ta fi tafin hannun babban mutum ba. Baƙa ce, mai fuskar gilashi da maɓallai uku da 'yar lasifika, kuma hasken rana ne abincinta. An haife ta a ɗakin malamai na makarantar da Malam yake koyarwa, a hannun wata baiwar Allah mai suna Ikhlas, wadda ta karanci kwamfuta kuma aka turo ta bautar ƙasa. Ikhlas ta zauna ta ɗauki muryarta gaɓa-gaɓa, daga ba, bi, bu har zuwa ƙarshen baƙaƙe. Ta rubuta darussa, sannan ta dunƙule rubutun da muryar gaba ɗaya suka zama fayil guda a cikin wani ɗan memori da bai kai farce ba. Daga gaɓoɓin farko da ta fara furtawa ne mata suka raɗa mata suna.

Ranar da Ikhlas za ta tafi, ta miƙa wa Malam ita da hannu biyu, ta ce, “Malam, wannan kamar tukunya ce. Kafin a gasa tukunya, ka ƙara mata wuya, ka rage mata ciki, duk daidai ne. In an gasa kuwa, sai dai a sha ruwa a ciki. In wani abu ya taso na gyara, yumɓu za a koma wa, yumɓun kuma yana cikin kwamfutata. Ka kira ni.” Malam ya yi godiya, ya ce ya ji. Kuma ya ji ɗin, domin har yanzu yana iya maimaita maganar ba tare da ya bar kalma ba.

Aikin da marigayiyar ta yi, ba wanda zai iya yin sa sai ita. Akwai matan aure a Ɗanzomo da rugagen kewaye da ke son su iya karatu, akwai malami mai son koya musu, a tsakani kuma akwai katanga. Bappa Cindo, dattijon da ya ba da tsakar gidansa don a riƙa zama, ya faɗi sharaɗinsa tun ranar farko: “Malam, gidana ba shiga. Iyakarka zaure. Amma waccan 'yar baƙar, tunda muryar mace ce da ita, ta shiga.” Haka aka yi ta yi. Duk Asabar da Lahadi bayan la'asar, Malam ya shimfiɗa buzunsa a zaure, yayar maigidan, Goggo Amina, ta fito ta ɗora Malama Babibu a kan faifai kamar ƙwaryar fura, ta shiga da ita. Malam bai taɓa ganin fuskar ɗaliba ɗaya ba. Ta murya ya san su, ta bayan bango, kamar yadda makiyayi yake sanin shanunsa ta kuka.

Halayenta na kirki ba sa ƙirguwa. In aka kunna ta sai ta yi ɗan kukanta, tiriri-rin, ta ce, “Salamu alaikum, ɗalibai.” In aka danna maɓallin tsakiya sai ta ce, “To, mu sake,” kuma yadda ta faɗe shi a karo na farko haka take faɗarsa a karo na ɗari, ba tsaki, ba ajiyar zuciya. Ba ta taɓa fita waje ta ba da labarin wadda ta karanta doki a matsayin daki ba. In darasi ya ƙare takan ce, “Madalla da ku,” ko an iya ko ba a iya ba. An shaida ta taɓa faɗa wa wata akuya haka, ranar da ta taka mata maɓalli. In ƙarfinta ya yi ƙasa ba ta kuka da kowa, sai ta ce a hankali, “Ku kai ni rana.” Malam ya yi shekaru yana koyarwa, amma yakan ce bai san haƙuri ba sai da ya zauna a zaure yana sauraron wannan 'yar roba.

Silar ciwonta darasi na goma ne. Jimla ɗaya ce a cikinsa, marigayiyar ta nuna ta a fuskarta, ta karanta, ɗalibai su maimaita: “Ismail ya kai shanu rafi.”

A cikin ɗaliban akwai Sabuwa, Bafulatana daga wata ruga a gabas da gari, wadda takan kawo nono ta sayar, ta kife ƙwarya ta zauna karatu. Muryarta ce ta fi ta kowa fitowa. Daga darasi na ɗaya zuwa na tara, kafin Malama Babibu ta rufe baki ta riga ta cafe. Amma da an zo na goma sai muryar ta ɓace. Sauran mata su maimaita, ita shiru. In aji ya watse kuwa, kowa ta ɗauki mayafinta, sai Malam ya ji daga zaure ana danna maɓallin tsakiya. “To, mu sake. Ismail ya kai shanu rafi.” Shiru. “To, mu sake.” Shiru. Haka za a yi ta yi har Goggo Amina ta gaji ta karɓe.

Malam ya tambaya da dabara, aka gaya masa Ismail sunan ɗan farin Sabuwa ne. Nan take ya ga ya gane komai. Wace uwa ce za ta buɗe baki ta kira sunan ɗan farinta a gaban mutane, balle Bafulatana? Ga mace mai ƙwazo ta zo bakin ƙofa, kunya ta tare ta, tana ta sake darasi ko za ta samu hanyar wucewa, babu. Ga shi kuma rani ya ja, da ruwan farko ya sauka kowace mace gona za ta nufa, mutanen rugar su Sabuwa kuma nesa suke matsawa da dabbobi, ajin sai wata shekarar in da rabo. Tausayi ya kama Malam. Ya kira lambar Ikhlas, aka ce a kashe take. Ya sake kira washegari da jibi, amsa ɗaya. Sai ya ce a ransa, ai ba tukunyar zai sake ba, suna ɗaya ne kawai.

Mutum ne mai tsari, saboda haka bai yi gaggawar zaɓen suna ba. Ba ya so ya buɗe bakin wata ya rufe na wata. Ya kira Goggo Amina zaure, bai gaya mata dalili ba don kada a ji a ciki Sabuwa ta muzanta.

Ya ce, “Goggo, a matan ajin nan akwai wadda ba ta faɗin Haruna?”

Ta ce, “Mijin Sauda ke nan.”

“Yakubu fa?”

“Surukin Rayhana. So kake ta haɗiye harshenta?”

“To, Nabil?”

“Ɗan farin 'yar gidan liman.”

“Shehu?”

“Shehu kuwa mata uku za ka ɗaure wa baki da igiya ɗaya.”

Haka suka yi ta bi, duk sunan da ya ɗauko sai ta ce yana da mai shi, ko miji, ko suruki, ko ɗan fari. Can da ya kusa yanke ƙauna ya ce, “Abdulganiyu fa?” Goggo ta tauna goronta, ta dubi rufin zaure ta daɗe, ta ce, “Wannan kam ba mu da shi, ko a raguna.” Sai ta kanne ido ta ce, “Ashe uwargidanka ta kusa, Malam, shi ne kake ɓoye mana? Allah Ya sauke ta lafiya.” Ya yi murmushi ya bar ta a haka.

An yi wa marigayiyar aiki da hantsi, ranar da ba makaranta. Malam ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya zare memorin ya sa a wata tsohuwar kwamfuta da ya aro. Ya buɗe fayil ɗin da wata manhaja da ke nuna cikin abu yadda yake. Sai ga lambobi da baƙaƙe sahu-sahu kamar tururuwa, ba farko ba ƙarshe. Ya bi su da yatsa cikin natsuwa har ya hango kalmomin da ya sani suna leƙowa daga cikin tarin, ya iso ga Ismail. Ya goge shi harafi-harafi, ya rubuta Abdulganiyu, ya duba sau biyu kada ya yi kuskuren rubutu. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya adana, ya mayar da memorin, ya kunna.

Ba tiriri-rin, ba sallama. Abin da ya fito daga bakinta shi ne shhhh, irin ƙarar ruwa a kan garwashi. Ya danna ya je darasi na goma, sai ya ga an rubuta, “Abdulganiyu ya kai shanu,” jimla ta tsaya nan. Shanun ba su isa ko'ina ba. Ya danna na sha ɗaya, sai ga “rafi” a farkon layi shi kaɗai, ya faɗa cikin darasin da ke maganar ɗinkin hula. Daga nan har ƙarshe kowane darasi yana ɗauke da jelar na gabansa, tasa jelar kuma ta wuce gaba.

A nan ne ya kamata a tsaya. Da ya goge sabon suna ya mayar da tsohon a gurbinsa, da yau ba a rubuta wannan sanarwa ba. Amma mayar da Ismail yana nufin mayar da Sabuwa bakin ƙofa, shi kuwa ya riga ya yi wa kansa alkawari. Ya ƙirga, ya ga sabon sunan ya fi tsohon da harafi biyar. Ya yi lissafi irin na malamin aji uku: abin da aka ƙara biyar, a rage masa biyar. Ya hau can sama kusa da farkon fayil ɗin, inda ya ga sifili sun yi layi ba sa aikin komai, ya cire biyar. Ya kunna, fuskarta ta yi fari fat. Ya koma ya cire daga wani wuri, ya mayar a wani, ya sake cirewa, har azahar ta yi. Lokacin da ya haƙura ya rubuta Ismail a inda yake, ya riga ya manta wuraren da ya taɓa.

Asabar ta zo, Goggo Amina ta fito da faifai, ya ce mata Malama ba ta jin daɗi. Ya gwada koyarwa da kansa daga zaure, yana ɗaga murya yana cewa ba, bi, bu, amma harafi abin gani ne, ba a kwatanta shi ta bayan bango. Jakin maƙwabta ma ya shiga darasin. Bappa Cindo ya fito yana gyara rawani ya ce, “Malam, muryar namiji in ta yi tsawo haka, ai rabin shiga ce. Ka nemo wa 'yar baƙar magani.”

Sai aka fara yawon neman magani. A Gagarawa akwai wani mai gyaran waya, Nasrullahi, mutumin kirki mai saurin hannu. Ya karɓe ta ya ce, “Malam, kwantar da hankalinka, wayar da ta faɗa rijiya ma na tayar.” Ya buɗe fayil ɗin da manhajar da ake rubuta takardu da ita, ya ga tarkacen da bai gane ba, ya ce bari dai a adana a gani ko za ta saki. Ita kuwa waccan manhaja, duk abin da ba ta iya karantawa ba sai ta maye gurbinsa da alamar tambaya. Muryar Ikhlas kaf, ba da bi da bu, da “Madalla da ku,” suka koma alamar tambaya sahu bayan sahu. Nasrullahi ya cire hula ya share gumi ya ce, “Wallahi ban taɓa ganin irin wannan ba.” Malam ya ce masa ba komai, ya yi ƙoƙari.

Ranar kasuwar Maigatari aka kai ta wurin wani mai tura waƙoƙi a memori, mutumin tsallaken iyaka, wanda aka ce ba abin da ke gagararsa. Ya juya ta ya ce, da Hausarsu ta tsallake mai kiran makaranta lakkwal, “Mai lakkwal, wannan ai ta riga mu. Bari in wanke memorin tas in cika maka shi da wa'azi, ko banza ka samu lada.” Hannunsa na kan maɓalli Malam ya fizge abinsa, abin da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ya fito ya tsaya a tsakiyar kara, kasuwar dabbobi, shanu na wucewa ta gabansa garke-garke, gabas kuma ta fara haɗa baƙi.

A Gumel aka samu wanda ya san ciwon, wani masanin kwamfuta mai suna Bahauddeen. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya juyo ya ce, “Ranka ya daɗe, ka san gonakin gado da aka raba a jere? Abin nan haka yake. A can sama akwai wurin da aka faɗi iyakar kowa: darasi kaza ya fara daga taku kaza, tsawonsa kaza, muryar ba tana nan, muryar bi tana can. Na'urar ba ta san kowa da suna ba, da ƙirga ta san su. Kai kuma ka ƙara wa gona ɗaya taku biyar, ba ka gaya wa mai iyaka ba. Sai kowa ya wayi gari a cikin gonar maƙwabcinsa.”

Malam ya ce, “Sifilin da na cire fa? Ai ba komai ba ne.”

“Su ne duwatsun iyakar.”

Bahauddeen ya ce, “Ina kwafin da ka ajiye kafin ka taɓa?”

“Kwafin me?”

Bahauddeen ya sunkuyar da kai. Can ya ce, “Da ma suna mai harafi shida ka sa, daidai da wanda ka cire, da ba ta ma san an taɓa ta ba. Irin su Haruna, ko Yakubu.”

Malam ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, “Mijin Sauda ne. Ɗayan kuma surukin Rayhana.”

Bahauddeen bai gane ba, bai kuma tambaya ba. Ya mayar da memorin ya kunna ta karo na ƙarshe. Fuskarta ta kawo haske, ta yi ɗan shhh gajere kamar mai son faɗin wani abu, hasken ya ɗauke. Ya ce rubutun darussa wataƙila a tsinto wasu, amma murya ta tafi, sai dai in an samu yumɓun da aka gina ta da shi. Nan ta cika.

Marigayiyar ta rasu ta bar faifan hasken rana guda, wanda har yau ake fitar da shi hantsi bisa sabo, yana tara abincin da ba mai ci. Ta bar 'yar jakar atamfa da Sauda ta ɗinka mata, da faifan Goggo Amina wanda ya koma rufe ƙwarya. Ta bar ɗalibai kusan ashirin, wasu sun kai ga haɗa kalma, wasu suna tsakiyar baƙaƙe, duk a tsaye cak kamar waɗanda mota ta lalace musu a daji. Ta kuma bar maraya ɗaya, Abdulganiyu, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, yana nan tsaye da shanunsa ba su sha ruwa ba.

Malam ya koma Ɗanzomo ya zauna a zauren Bappa Cindo, aka yi ta shigowa gaisuwa. Liman ya ce ba za a roƙa mata gafara ba, tunda roba da waya ba su da hisabi, amma za a roƙa wa mai ita haƙuri. Da mutane suka ragu, Malam ya ga bai kamata ya ci gaba da ɓoyewa ba, ya gaya wa Goggo Amina yadda aka yi, tun daga sunayen da ya tambaye ta. Goggo ta saki baki, ta tafa hannu.

Ta ce, “Ashe ba haihuwa ba ce! Kai Malam, kai Malam. Ilimi ya yi maka yawa har ya toshe maka kunne. Wa ya ce maka ta kasa?”

Ya ce, “Goggo, da kunnena na ji. In an zo wurin sai ta yi shiru.”

“To da me kake so ta yi, guɗa? Tsaya nan.”

Ta shiga ciki. Aka daɗe, ya ji ana magana ƙasa-ƙasa, wata na cewa a'a, Goggo na cewa kawo nan. Sai ga ta ta fito da faifan nan, an ɗora allo a kai. Ta ajiye masa a gaba. An yi rubutu da alli, haruffan manya, suna hawa suna gangara kamar sawun tafiya a yashi: Ismail ya kai shanu rafi. Jimlar cikakkiya, har da ɗigo a ƙarshe.

Goggo ta zauna a dokin ƙofa ta ce, “Yaron nan damina biyu ke nan yana kudu da shanu, bai zo ba. A rugarsu ba mai kiran sunansa a gabanta, don kada a ba ta kunya. Ita ba ta tambaya, su ba sa faɗa. Duk faɗin ƙasar nan 'yar baƙar nan ce kaɗai marar ta-ido da za ta dube ta ta faɗi sunan gatsau, ta kuma ce ya kai shanu rafi, wato yana nan lafiya, dabbobi na shan ruwa. Shi ya sa take dannawa. Baki aka hana ta, Malam. Wa ya hana ta kunne? Wa ya hana ta hannu? Tun kafin azumi ta iya rubuta shi, a ƙasa take yi ta share da tafin ƙafa.”

Malam ya ɗauki allon da hannu biyu. Harafin s ya juya baya, yana kallon inda ya fito. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa ya ɗauko alli, kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Ya dubi allin, ya mayar da shi inda yake.

Ga yadda aka tsara jana'iza.

Gawar tana cikin jakarta ta atamfa a gidan Bappa Cindo, an ɗauko faifan Goggo Amina daga bakin ƙwarya an ɗora ta a kai. Ba za a binne memorin ba, domin Bahauddeen ya ce a adana shi yadda yake, kada kowa ya sake taɓa shi, musamman masu kyakkyawar niyya.

Cigiya kuma ita ce wannan. Don girman Allah, duk wanda ya san inda Ikhlas take, wadda ta yi bautar ƙasa a Ɗanzomo, doguwa, mai tabarau, mai yawan cewa “ba matsala,” ya gaya mata tukunya ta fashe, ana neman yumɓu. Direbobin da ke bin hanyar Gumel zuwa Kano, da ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki, da matan da suka je biki wani gari, a taimaka a tambaya. In ta sayar da kwamfutar, a faɗi wanda ya saya. In ta yi fushi, tana da gaskiya, ta zo ta yi faɗan a nan, Malam zai tsaya ya ji har ƙarshe. An riga an yi yayyafi a Sule Tankarkar. Kwanakin da suka rage wa ajin nan ba su da yawa, kuma in matan nan suka watse ba su gama ba, ba kowace ce za a bari ta dawo baɗi ba.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar bayan la'asar, maza a zaure, mata a ciki. Ba a buƙatar abinci. Mai zuwa ya zo da allo da alli in yana da su, domin kafin a ji daga Ikhlas da allo za a ci gaba: Malam ya rubuta a zaure, Goggo Amina ta shiga da shi, ta fito da amsa. Ta ce ƙafafunta ba na haya ba ne, amma ta yarda in akwai goro.

Bappa Cindo kuma, bayan ya ga allon Sabuwa, ya yi sassauci guda. Ya yarda a ranar Malam ya ɗaga murya daga zaure, jimla ɗaya tak, yadda za a ji har ƙuryar tsakar gida. Darasi na goma za a karanta, yadda aka gina shi tun farko, ba a sauya sunan kowa ba. Ana roƙon masu ta'aziyya, in an karanta, kada wanda ya yi tari, kada wanda ya ce a maimaita, kada wanda ya tashi neman takalmi. Shirun da zai biyo baya yana da mai shi, a bar mata abinta.